Jinyar Ɗan Kwikwiyon Da Ya Kasa Shan Nono

Manomi da yawa ba ya sa kare cikin lissafin dukiyarsa. In ka tambaye shi abin da ya mallaka sai ya ƙidaya maka awaki da tumaki da jaki, har kaji da zabi, ya manta da wanda yake kwana waje yana tsaronsu duka. Amma wanda gonarsa take gindin dutse, inda birai ke saukowa su karya masara, ya san amfanin kare. Haka makiyayi, haka maharbi, haka ɗan kasuwar da ya tara buhunan hatsi a sito. Malamai ma sun yarda a ajiye kare saboda gona da kiwo da farauta. To, wanda yake son karen kirki sai ya lura da shi tun yana kwikwiyo, gama a nan ne aka fi yin hasara.

Karya takan ɗauki ciki kwana 63 ko kusa da haka, ta haifi 'ya'ya biyar ko shida, wani lokaci har takwas. Sau da yawa a kwana na biyu ko na uku sai a ga ɗaya ya koma gefe yana wani siririn kuka, 'yan'uwansa suna tsotso shi ba ya yi. Mutanen gida su ce uwar ta ƙi shi, ba mai rayuwa ba ne. Kashegari a tarar ya mutu, bayan kwana biyu wani ya bi shi. A kan wannan kwikwiyo za mu yi magana makon nan, domin da yawansu ana iya cetonsu da abin da yake cikin kowane gida, in dai an san abin da za a fara yi da abin da za a bari sai daga baya.

Da farko ya kamata a san irin halittar da ake jinya. Ɗan akuya yakan miƙe tsaye tun ranar da aka haife shi ya bi uwarsa. Kwikwiyo kuwa makaho ake haifarsa, kuma kurma. Idonsa ba ya buɗewa sai ya yi kwana 10 zuwa 14, kunnensa kuma sai bayan haka kaɗan. Ba ya iya fitsari ko kashi da kansa sai uwar ta lashe masa ƙasan ciki. Abin da ya fi duka, ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa. Babban kare zafin jikinsa digiri 38 ne zuwa 39 a ma'aunin zafi irin na asibiti. Na kwikwiyo a makon farko 35 ne zuwa 37 kawai, ba ya kamo na babba sai ya yi wajen mako huɗu. A kwanakin farko ko rawar ɗari ba ya iya yi, ga shi kuwa da rawar ɗari ne jiki yake hura wutarsa. Ɗuminsa duk na aro ne, daga cikin uwa da jikin 'yan'uwa.

Ga yadda abin yake kashe shi. Ƙarfafan sun ture shi daga nono, ya kwana a gefe, ƙasa ta shanye ɗuminsa. Da jikinsa ya yi sanyi sai tsotsonsa ya yi rauni. Da ya kasa tsotso sai ɗan sukarin da yake cikin jininsa ya ƙare, don ba shi da kitse ko wata ajiyar kirki a hanta da za ta riƙe shi. Ruwan jikinsa kuma ya yi ta raguwa. Ita kuwa uwar, abin da ya yi sanyi ba ya motsi ba ta lasafta shi cikin 'ya'yanta, sai ta ture shi da hanci. Watau sanyi ya jawo yunwa, yunwa ta ƙara sanyi. A lokacin hunturu, sa'ad da sanyin dare a Kano ko Katsina yake sauka zuwa digiri 13 ko ƙasa da haka, na Jos kuwa ba a magana, dare ɗaya ya ishe shi.

Zancen da yara ke yi, wai in mutum ya taɓa kwikwiyo uwar za ta ƙi shi, ba shi da tushe. Sanyin jikinsa ta ƙi. Sau da yawa in an ɗumama shi an mayar, sai ka ga ta jawo shi ta hau lasa. Sai dai fa karya mai jego tana da zafin rai. Wanda ta saba da shi, mai ba ta abinci, shi ya kamata ya duba 'ya'yan, ya kuma bari sai ta fita cin abinci ko kewayawa. A hana yara zuwa wurin.

Yadda Za A Gane Marar Lafiya

Kwikwiyo mai lafiya aikinsa biyu ne, tsotso da barci. In ka ɗauke shi za ka ji shi da ɗumi, da nauyi, jikinsa a cike. Yana barci yana 'yar zabura, wannan ba ciwo ba ne, alamar lafiya ce. In ka sa masa ɗan yatsanka mai tsabta a baki zai kama da ƙarfi, in ka kwantar da shi rigingine zai yi ta ƙoƙari har ya juya. Marar lafiya kuwa za ka ji shi sakwaf kamar tsumma, bakinsa da sanyi, yatsa ba ya kama shi ko ya kama ya saki. Ko dai ya yi ta kuka fiye da minti 15 ba tsayawa, ko kuma ya yi tsit ba motsi, na biyun ya fi muni.

Dubi yadda suka kwanta ma ya isa ya gaya maka halin wurin. In sun hau kan juna sun dunƙule suna ƙananan koke-koke, sanyi suke ji. In sun warwatsu kowa ya miƙe nesa da ɗan'uwansa, baki a buɗe, zafi ya yi yawa, wannan kuwa yakan faru da bazara in karya ta haihu ƙarƙashin kwanon rufi.

Amma babu mai faɗin gaskiya kamar sikeli. Ido yakan ruɗi mutum, kwikwiyo ya yi kwana biyu yana ramewa ba a lura ba. Mai kanti da yake da ƙaramin sikeli na giram ya auna su ɗaya ɗaya kowace safiya, malam akawu kuma ya samo ɗan littafi ya rubuta, mai farin wuya kaza, ja kaza, baƙi kaza. A rana ta farko nauyi yakan ɗan ragu, ba laifi. Daga nan kuwa lalle ya riƙa ƙaruwa kullum, har ya ninka nauyin haihuwa cikin kwana 10 ko kusa da haka. Wanda aka haifa da giram 300 ya kamata ya kai wajen 600. Wanda ya yi kwana biyu bai ƙaru ba, shi ne marar lafiyarka, ko da kuwa kana ganinsa a bakin nono.

Don a san ko ruwan jikinsa ya ragu, a taɓa cikin bakinsa. In da danshi da santsi, lafiya. In yana kama yatsa kamar danƙo, ya bushe. A kuma shafa masa ƙasan ciki da auduga mai ɗumi har ya yi fitsari, a duba audugar. Fitsarin kwikwiyo mai lafiya kusan fari yake kamar ruwa. In ya fito rawaya sosai, ba ya samun abin sha yadda ya kamata.

A Ɗumama Tukuna

A nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Mutum ya ga kwikwiyo ya galabaita, tausayi ya kama shi, ya ɗebo madara ya ɗura masa. Bayan sa'a guda ya mutu. Dalili kuwa shi ne, in zafin jikin kwikwiyo ya sauka ƙasa da digiri 34 da rabi, hanjinsa yakan daina aiki. Madarar da aka ba shi sai ta zauna a ciki ta yi tsami, ciki ya kumbura, ta dawo ta maƙogwaro ta shiga huhu. Saboda haka kada a ba kwikwiyo mai sanyin jiki madara, ko ta uwarsa ce, sai ya yi ɗumi.

Ɗumamawar kuma sannu a hankali ake yi, cikin sa'a ɗaya zuwa uku. Hanyar da ta fi kyau ita ce a naɗe shi da tsumma mai tsabta a sa shi cikin riga, a jikin mutum, a bar masa hanyar numfashi, gama ɗumin mutum ba ya ƙona shi. Wanda ba ya son haka, ya cika kwalba da ruwan ɗumi, ya toshe ta sosai, ya naɗe ta da zane, ya sa cikin kwando ko kwali tare da kwikwiyon. A gwada kwalbar a kumatu, in ba za ka iya barinta a nan ba ta yi masa zafi. A riƙa juya shi, a riƙa shafa masa baya da tsumma kamar yadda uwar take lasa, a sake ruwan in ya huce, domin kwalbar da ta yi sanyi janye ɗumi take yi daga jikinsa.

Kada a kai shi bakin murhu, kada a ajiye shi kusa da kaskon garwashi, kada a shanya shi a rana tsaka. Ba shi da ƙarfin da zai ja jiki ya matsa in zafi ya yi masa yawa, sai fata ta ƙone alhali cikin bai ɗumama ba. Garwashi a ɗaki rufaffe kuwa mutum ma yana kashewa, balle shi.

Sa'ad da ake ɗumamawar akwai abu ɗaya da za a iya ba shi, watau ruwan sukari. A narka sukari cokalin shayi ɗaya cikin cokali 10 na ruwan da aka tafasa ya huce. A ɗiga masa ɗigo biyu ko uku a kan harshe, a jira ya haɗiye, a sake bayan minti 15 ko 20. In ba ya iya haɗiya, a dama sukarin da kauri a shafa masa kaɗan a dasashi da yatsa, kada a zuba masa komi. Sau da yawa za ka ga wanda aka fid da rai da shi ya fara motsi. Amma ruwan sukari farfaɗowa kawai yake yi, ba ya raya kwikwiyo.

In cikin bakinsa ya yi ɗumi, ya soma kama yatsa, to lokacin nono ya yi. Babu madarar da ta kai ta uwarsa. A kwashe ƙarfafan a sa su cikin kwando a rufe da zane, a kwantar da uwar, a matsa ɗaya daga cikin nonuwan baya, na kusa da cinya, gama su suka fi ruwa. Da ɗigo ya fito sai a sa bakin kwikwiyon a kai, a tallafe shi da hannu har ya ƙoshi ya saki da kansa, kana a mayar da sauran. A yi haka kowace sa'a biyu ko uku, har da dare. Aiki ne, ba shakka, amma galibi kwana biyu ko uku ne, sa'an nan ya iya ƙwatar wa kansa wuri.

In ranar haihuwa ce abin ya faru, sai a ƙara himma, saboda dakashi. Makiyaya sun san darajar dakashi ga ɗan maraƙi, to haka yake ga kwikwiyo. A cikinsa ne kusan duk garkuwar da za ta tsare shi daga cututtuka take, hanjinsa kuwa ba ya iya ɗaukar wannan garkuwa sai a ranar farko, musamman sa'o'i 12 na farko. In ya kasa tsotso a tatsa masa a cokali a ɗiga masa.

In Sai An Ba Shi Da Hannu

Wani lokaci uwar ba ta da ruwan nono, ko ba ta da lafiya, ko ta mutu. In akwai wata karya mai jego a maƙwabta wadda 'ya'yanta suke tsara da naka, a gwada ta. A goga kwikwiyon a jikin 'ya'yanta ya ɗauki warinsu, a sa shi tsakiyarsu, a tsaya a gani ko ta karɓa. In babu, a manyan garuruwa ana sayar da garin madara na 'yan kwikwiyo a kantunan maganin dabbobi, shi ya fi dacewa.

Madarar saniya ko ta akuya zalla ba ta isa ba. Nonon karya ya ninka na saniya wajen maiƙo da abin gina jiki, na saniya kuwa ya fi shi sukari, shi ya sa yake sa kwikwiyo zawo, ya kuma bar shi da yunwa. In ba yadda za a yi, a gyara ta haka kafin a sami wadda ta fi. A tafasa madara sabuwar tatsa a bari ta huce. A ɗebi sulusin kofi, watau cokalin shayi 16, a sa gwaiduwar ƙwai ɗaya ban da farin, da man gyaɗa cokalin shayi ɗaya, a kaɗa sosai. A ba shi da ɗumi-ɗumi, a gwada a bayan hannu. Abin da ya rage in ya jima a ajiye a ba uwar, a haɗa sabo, don madara da ƙwai ba sa jimre zafin ƙasarmu. Kada a ba shi nono mai tsami, ko kunu, ko koko, ko madarar gwangwani mai kauri mai sukari.

Cikinsa ƙarami ne ƙwarai. A makon farko abin da yake bukata a yini da kwana bai wuce mililita 13 zuwa 15 ba a kan kowane giram 100 na nauyinsa. Mai giram 300 ke nan zai sha wajen mililita 40, a raba sau takwas, kowane sha cokalin shayi ɗaya. Wanda ya tashi daga galabaita a fara masa da rabin haka. Ana ƙarawa kaɗan kaɗan yadda nauyinsa yake ƙaruwa. Gara a ba shi kaɗan sau da yawa da a cika masa ciki sau ɗaya.

A yi amfani da sirinji sabo wanda aka cire wa allura. A kwantar da shi rub da ciki a tafin hannu, kai a ɗan ɗage, kamar yadda yake kwanciya a gaban uwarsa. Kada a rungume shi rigingine kamar jaririn mutum. A ɗiga a kan harshe, a bar shi ya haɗiye da kansa. In madara ta fito ta hanci, an yi sauri, a tsaya a sunkuyar da kansa a share. In kuwa kullum sai ta fito ta hanci, ko a nonon uwar ne, a buɗe bakinsa a duba ganɗa da fitila. Akan haifi wani da tsaga a ganɗa, irin wannan sai likita.

Bayan kowane sha a jiƙa auduga da ruwan ɗumi a shafa masa ƙasan ciki da ƙarƙashin wutsiya har ya yi fitsari da kashi, in uwar ba ta yi masa. Haka za a yi ta yi sai ya kai mako uku. A wanke sirinji da kwano da ruwan zafi, a keɓe su, mai jinya kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya fara da bayan ya gama.

A Duba Uwar

In ɗaya ne ya kasa, mai yiwuwa ƙaraminsu ne da aka fi ƙarfi. In kuwa duka suna kuka ba sa ƙaruwa, laifin yana wajen uwar. Da yawa a ƙauyukanmu yunwa ce kawai. Karyar da take shayar da 'ya'ya shida ba za ta rayu da ƙanzo da ruwan wankin tukunya ba. A mako na uku da na huɗu tana bukatar ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba ci. A ƙara mata tuwo, a haɗa da dafaffen wake, da garin busasshen kifi, da ƙwai, da dafaffen kayan ciki daga wurin mahauta, a ba ta sau uku ko huɗu a yini. Ruwa kuma kada ya yanke a gabanta.

A shafa nonuwanta ɗaya ɗaya. In wani ya yi tauri da zafi, ya yi ja, tana ƙara in an taɓa, ko ruwan ya fito da jini ko mugunya, ciwon nono ne. A gasa mata da tsumma mai ɗumi, a nemi malamin dabbobi. In wani ruwa mai wari yana fita daga bayanta kwanaki bayan haihuwa, ga zazzaɓi, ta ƙi abinci, ta ƙi 'ya'yan, mahaifa ce ta ruɓe, watakila wata mabiyiya ta maƙale. Wannan ba ya jira. Akwai kuma wanda yakan zo cikin makonni huɗu na farko, karya ta yi ta haki, jiki na rawa, ƙafafu su sandare ta faɗi. Mutane sukan tsorata su ce hauka ne su kashe ta, alhali sinadarin kalsiyam ne ya ƙare a jininta saboda shayarwa. Allurar likita takan tashe ta cikin ɗan lokaci, in an makara kuwa mutuwa take yi. A janye 'ya'yan daga nono a yi maza. Amma kowa ya yi hankali da bakinta, kuma in ta ciji wani a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi asibiti ran nan, kada a tsaya gardamar ko hauka ne ko ba hauka ba.

Kwikwiyon da ya yi lafiya a makon farko sa'an nan ya soma lalacewa a na biyu ko na uku, a fara zargin tsutsar ciki. Iri biyu ne suka fi damunsu. Ɗaya doguwa ce fara, tun yana cikin mahaifa take shiga jikinsa daga uwar, ita ce take sa ciki ya yi tulu, gashi ya tashi. Ɗayar ƙarama ce mai kama bangon hanji tana shan jini, ta cikin nono take zuwa. Ita ce mai kisa da sauri. A ɗaga leɓensa a duba dasashi. Na mai lafiya ja ne, na wanda tsutsa ta sha kuwa fari fat, kashinsa baƙi kamar kwalta. Maganin shi ne a ba su duka maganin tsutsa na ruwa irin wanda ake kira pirantel, a mako na 2, da na 4, da na 6, da na 8, gwargwadon nauyin kowa, a ba uwar ma. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, saboda haka kada a ba marar lafiyan kaɗai. A riƙa kwashe kashinsu ana binnewa, domin ƙwan doguwar tsutsar yana cutar yaran da suke wasa da ƙasa.

Ƙuma da kaska su ma jini suke sha, kwikwiyo kuwa jininsa bai taka kara ya karya ba. A cire su da hannu da mataji mai ƙananan haƙora, a jefa cikin ruwan sabulu, a ƙone tsohuwar shimfiɗa a sa sabuwa. Da damina kuma akwai wani ƙuda mai yin ƙwai a ƙasa mai inuwa wadda fitsari ya jiƙa. Tsutsarsa takan huda fatar kwikwiyo ta zauna ciki, sai ka ga ƙuraje kamar maruru a ciki da ƙafafu, kowanne da 'yar ƙofa a tsakiya. A toshe ƙofar da man basilin, in tsutsar ta rasa iska za ta leƙo, sai a matse a hankali ta fito ɗungum, a wanke wurin. Kada a bari ta fashe a ciki. Maganin wannan ƙuda shi ne kada su kwana a ƙasa tsirara. A shimfiɗa buhu ko tsohuwar tabarma, a riƙa sakewa ana shanyawa a rana.

Cibiya ma ƙofar cuta ce. Takan bushe ta faɗi cikin kwana biyu ko uku. A shafa mata aidin tun ranar farko. In ta kumbura ta yi ja tana ruwa, ko ƙasan cikin ya yi shuɗi-shuɗi, cuta ta shiga jini, sai likita.

Yanzu ga abin da ba a ba kwikwiyo, don mun san halin mutanenmu da ragowar magani. Kada a yi masa wanka da maganin kaskar shanu, ko fiya-fiya, ko kananzir, ko baƙin mai. Fatarsa sirara ce, guba takan ratsa ta, uwar kuma ta lashe sauran. Kada a yi masa allurar Ivomec da ake yi wa awaki, ya yi ƙanƙanta da ita. Kada a ba shi Panadol ko wani maganin ciwon jiki na mutane, ko ƙwayar nan mai ja da rawaya. Hantarsa da ƙodarsa ba su yi ƙwarin da za su fitar da su ba. Maharban da suke yanke wa kwikwiyo kunne kuma su ƙyale marar lafiya, jinin da zai zuba ba shi da shi.

In an ɗumama shi, an ba shi sukari da nono, aka yi rabin yini bai farfaɗo ba, ko yana numfashi da ƙyar, ko zawo ya ƙi tsayawa, ko biyu sun kwanta lokaci ɗaya, a kai ga ofishin dabbobi mafi kusa. Waɗanda suke kusa da Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri suna da asibitin koyarwa na dabbobi a jami'o'insu. A tafi da shi cikin kwali da kwalbar ɗumi, in da hali a tafi da uwar, a kuma riƙe littafin nauyi, zai taimaki likita ƙwarai.

Ba duka ake ceto ba. Wani da nakasa a ciki aka haife shi. Akwai kuma wata cuta da ƙwayarta take zaune a hancin manyan karnuka ba ta yi musu wani abin kirki, amma in ta kama kwikwiyon da bai kai mako uku ba sai ya yi ta ihu ba tsayawa ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu, ta bi sauran. Ƙwayar ta fi yaɗuwa a jiki mai sanyi, ga wani dalili ke nan na ɗumama makwancinsu, da hana karnukan waje shiga wurin har su wuce mako uku. Wanda ya mutu a ɗauke shi da leda a hannu, a binne da zurfi, a sake shimfiɗa, a sa ido kan sauran.

Wanda ya tsallake kuwa, daga mako na uku zuwa na huɗu a fara koya masa lasar abinci mai ruwa-ruwa a faranti, tuwo da aka dama da madara da ɗan ƙwai ko garin kifi, yana yi yana shan nono. Garkuwar da ya samu a dakashi takan soma ƙarewa daga wajen mako na shida, daidai lokacin da ciwon amai da zawon jini da likitoci ke kira farbo yake kama su. Wannan ciwo a shekarar 1978 ya bayyana a duniya, yanzu kuwa babu ƙasar da bai shiga ba. Saboda haka a kai su allurar rigakafi ta farko a mako na 6 zuwa na 8, a koma a ranakun da likita ya faɗa. Allurar haukan kare kuma in sun cika wata uku. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana yin irin wannan allura, a tambaya a ofishin dabbobi.

Masu zuwa roƙon kwikwiyo tun ido bai gama buɗewa ba a ba su haƙuri sai an yi mako takwas. Wanda ya yi jinya a bar shi na ƙarshe, ya ƙara mako ɗaya ko biyu wurin uwarsa. Ran da za a ba da shi, a yago takardarsa daga littafin nauyi a miƙa wa mai karɓa, da ranakun da aka ba shi maganin tsutsa da ranar da allura ta gaba ta kama.